Taƙaitawar Shawarwari Kan Wasannin Yara a Waje

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da aka yi kan wasannin da yara za su iya yi a waje ba tare da an saya musu kayan wasa ba.

1. Kusan kowa ya amince cewa tsince-tsince ya fi sauƙi, wato a ba yaro kwali ya tara ganyaye, tsakuwa da gashin tsuntsu, sannan ya rarrabe su bisa launi ko girma.

2. An fi daɗewa kan wasan inuwa. Yaro zai kafa sanda da hantsi, ya riƙa ajiye tsakuwa a ƙarshen inuwarta bayan kowace awa ɗaya, sai ya ga tana gajarcewa har tsakar rana, daga nan ta sake miƙewa ta fuskar gabas. A ganina wannan ya fi sauran armashi, domin yaron ne da kansa yake gano abin.

3. Wasu sun kawo kallon ƙwari, inda yaro zai ƙirga ƙafa 6 ga tururuwa, 8 ga gizo-gizo, da sharaɗin ba zai taɓa ba.

An tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17.

Ra'ayi ya rabu kan wasa da laka. Wasu sun ce a ƙyale yara su yi gini da ita muddin za a wanke hannu da sabulu, wasu kuwa sun ƙi saboda tsutsar ciki, suka nace lallai a sa takalmi.