Okid ɗina ta ƙi sake fure, ganyenta kuma sai yamushewa yake yi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka mini. Okid ɗina (tsiron furen ado) irin da ake kira Phalaenopsis ce, mai farin fure. Ta zo da furanni 9 a kara ɗaya, sun yi wata uku cur kafin su zube. Na yanke karan a saman gaɓa ta biyu da sabuwar reza, na shafa kirfa a bakin yankan, na ajiye ta a kan tebur kamar taku huɗu daga taga, kuma duk mako ina juya tukunyar don kada ta karkace. Yau wata 14 ke nan babu alamar fure. Ga shi ganye biyu na ƙasa sun yi laushi sun yamushe. Na koma ba ta ruwa duk kwana biyu, amma abin sai gaba yake yi. Wane taki zan ba ta? Wallahi hankalina ya tashi.

Mai Lambu: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, ajiye maganar taki tukuna. Ba ki faɗi a cikin me take ba, ba ki kuma faɗi halin saiwoyinta ba, kuma nan matsalar take. Wannan tsiro a jikin bishiya yake rayuwa a dazuzzukan Filifin da Indunusiya, saiwarsa a waje tana shan iska. Idan ganye ya yamushe alhali tukunya a jiƙe take, saiwar ce ta ruɓe, ba ta iya jan ruwan. Ƙarin ruwan da kike yi shi yake ƙarasa ta. Ki fito da ita yau. Saiwa mai rai tana da tauri, fara-fara idan ta bushe, kore shar idan ta jiƙe. Matacciya kuwa ruwan ƙasa ce, kina matsawa za ta sule ta bar wani zare siriri a tsakiya. Ki goge almakashi da sifirit ki yanke duk irin waɗannan. Sai ki mayar da ita cikin tukunyar roba da ake ganin cikinta, mai huji a gindi da gefe, daidai girman saiwar da ta rage. Ki zuba ɓawon itace kashi uku, gawayi kashi ɗaya. Ruwa da safe kawai, sai kin ga saiwar ta koma fari, kuma kada ya kwanta a tsakiyar ganye, don daga nan ruɓewa take kashe tsiron gaba ɗaya.

Uwar Furanni: Laifin masu sayarwa ne. Su danna gansakuka ƙam a tukunya, sama ta bushe, ciki kuwa sharkaf, su kuma ce wa mutum ya riƙa ɗora ƙanƙara a tukunyar maimakon ba ta ruwa. Tsiron ƙasar zafi da ƙanƙara! Amma Malam, ban yarda da ɓawo zalla ba ga wadda ta rasa saiwa. Sabon ɓawo ba ya riƙe ruwa. Gara gansakuka sako-sako mai ɗan danshi, da laimar iska kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari. Kirfa kuma kada ta taɓa saiwa, busar da ita take yi.

Mai tambaya: A gansakukar da ta zo da ita take, kuma ai a ciki ta yi furen farko. Ina tsoron taɓa ta ta mutu. Saiwoyi biyu da suka leƙo waje lafiyarsu ƙalau. Tagar ma ina ganin hasken ya isa, ganyen sama kore ne sosai mai duhu.

Mai Lambu: Kore mai duhu shi ne shaidar haske bai isa ba, ya kamata ya zama kore mai ɗan haske. Taku huɗu ya yi nisa. Ki kai ta bakin tagar gabas, a bayan labule mara kauri. Gansakukar da ta haura shekara tana shan ruwa duk kwana biyu kuwa ta riga ta lalace. Saiwoyin waje ba su gaya miki komai game da na ciki ba. Taki sai sabuwar saiwa ta fito, irin wanda aka rubuta 20-20-20 a kai (manyan sinadaransa uku daidai da juna), rubu'in abin da aka rubuta a jikin kwalin, ki kuma wanke tukunyar da ruwa zalla sau ɗaya a wata saboda gishirin takin.

Mai Cattleya: Duk ba ku amsa mata maganar fure ba. Sanyin dare take buƙata, digiri 15 zuwa 18 a ma'aunin Celsius na tsawon mako uku zuwa huɗu, sai kara ya ɓullo. Yadda za ki bambance shi da sabuwar saiwa: kan karan a baje yake, na saiwa kuwa zagaye ne.

Mai Lambu: Zafin rana ne ya fi hana ta. Muddin ɗaki yana wuce digiri 28 da rana, da wuya kara ya fito ko dare ya yi sanyi. Kuma tsiron da ba shi da saiwa, tilasta masa fure kashe shi ne.

Mai tambaya: To na gode muku. Amma idan na rage ruwan zuwa sau ɗaya a mako, na matsar da ita bakin taga ba tare da na fito da ita daga tukunyar ba, ba zai wadatar ba? Ganye na uku ma ya fara laushi da safen nan.