Akwatin bas ɗina na ruri a ɗaki, a filin biki kuma sai ya ɓace: ina neman shawara

Mai bas daga Aboabo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Damuwa ce ta kawo ni, kuma ta kai wata uku tana cina. Ni ke kaɗa gitar bas a wata 'yar ƙungiya a nan Kumasi, mu shida ne, muna zuwa bikin aure da suna, wani lokaci da wasan bayan Sallah. Da hayar akwati ta ishe ni sai na tara kuɗi na sayi lasifika mai inci 15, om 8 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wutar da ke shigarta), na kai wa wani kafinta ya haɗa mini akwati da filawud mai kaurin milimita 12. Cikinsa tsayi santimita 55, faɗi 42, zurfi 30. A ƙasan lasifikar ya huda ramuka biyu, kowanne inci 4, ya ce don iska ta samu hanyar fita. Amfilifayata, wato na'urar da ke ba lasifikar ƙarfi, wat 300 ce a om 4.

A ɗakin da muke gwaji, inda akwatin yake a lungu, idan na taɓa tsirkiyar E har kwanon rufi sai ya amsa. Amma ran Asabar da muka yi wasa ƙarƙashin kanofi a Sawaba, kamar ba ni a wajen. Na ƙara murya, sai takardar lasifikar ta kama fat-fat tana kai da komo kamar za ta fice, sautin kuwa bai ƙaru ba. Mako guda kafin nan a wani zauren biki mai dandamalin katako akasin haka aka yi: mawaƙiyarmu ta juyo har sau uku tana mini alama in rage, ni kuwa ina tsaye daf da akwatin ko tantance abin da nake kaɗawa ba na yi.

Wani abokina yana da babbar lasifikar mota mai om 4, ya ce in zo in ɗauka in haɗa da tawa. In karɓa ne, ko in sayar da komai in nemi na gwanjo mai lasifika huɗu? Akwai bikin da aka ba mu nan da mako biyu, ba na son in sake jin kunya.

Mai gyaran lasifika a Alabar:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ta motar nan ka yi wa abokinka godiya ka bar masa abarsa. Om 8 da om 4 in ka haɗa su a layi ɗaya, ja da ja baƙi da baƙi, abin da amfilifaya za ta gani bai kai om 3 ba, taka kuwa iyakarta 4. Za ta yi zafi ta riƙa ɗaukewa a tsakiyar waƙa, in da ƙarar kwana ta ƙone. Bayan haka kashi biyu cikin uku na ƙarfin ta motar ce za ta shanye, alhali an yi ta ne don ɗan ƙaramin cikin mota, tana cin wuta da yawa ta ba da sauti kaɗan, kuma ba ta fitar da sautin tsakiya. Irin waɗannan kusan kullum sai an kawo mini su shago da ƙonannen koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa takardar lasifika.

Wannan fat-fat da ka ji, ka daina kai ta can. Kowane bugu koyil ne ke fita daga inda ya kamata ya tsaya. Yau da dare ka kashe komai, ka buɗe yatsunka ka danna takardar a hankali daidai wa daida. In ka ji ƙar-ƙar kamar yashi a ciki, kawo ta in duba kafin bikin.

Ɗalibin injiniya a KNUST:
Sannu Yaya, daga jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi nake. Na zauna na yi lissafin akwatinka, kuma ina ga ramukan nan biyu su ne rabin ciwon. 55 sau 42 sau 30 ya ba da lita 69, in an cire wajen da lasifikar ta cinye saura kamar 64. Ramin gaban akwati ba taga ba ce ta shan iska. Iskar da ke cikin ramin da wadda ke cikin akwatin suna da sautinsu da suke amsawa, kamar yadda kwalba ke kuka in ka hura bakinta. Girman akwatin da faɗin ramin da tsawonsa su ke yanke wane sauti ne. Naka ramukan ba su da bututu, tsawonsu kaurin katakon ne kawai, don haka suna amsawa a wajen girgiza 85 cikin daƙiƙa guda, wato haz 85.

To ga inda matsalar take. Ƙasa da wannan sautin, akwati ba ya riƙe takardar lasifika ko kaɗan, sai ta zama kamar an rataye ta a fili, iskar da ke fitowa ta ramin kuma tana kashe wadda takardar ke turowa. Tsirkiyar E haz 41 ce, A 55, D 73, G 98. Ka ga uku cikin huɗu in ka kaɗa su a sake duk suna ƙasa da inda akwatinka ya ƙare. Abin da ya sa ka ga takarda na rawa babu sauti ke nan. A ɗakin gwaji bango biyu da ƙasa ne suke rufa masa asiri.

Gyaran ba shi da tsada. Toshe rami ɗaya da katako da gam. Ɗayan ka zura masa bututun roba na masu aikin famfo mai inci 4, tsawon santimita 10, ka liƙe gefensa kada iska ta tsira. Wannan zai sauko da shi wajen haz 46. In ka ce sai ka bar ramukan biyu, kowane bututu sai ya kai santimita 27, zurfin akwatinka kuma 30 ne, bakinsa zai kusa manne da bayan akwati ya shaƙe.

Ga yadda za ka tabbatar da idonka. Kwantar da akwatin rigingine, ka zuba ƙwayar shinkafa kamar goma a kan takardar, ka sauke manhajar da ke fitar da sauti ɗaya tak a waya ka haɗa da amfilifaya, murya ƙasa-ƙasa. Fara daga haz 100 kana saukowa. Shinkafar za ta yi ta tsalle, sai ka iso wani waje ta lafa kamar an ce mata tsaya, a lokacin kuma in ka kai hannu bakin bututun za ka ji iska na busowa da ƙarfi. Lambar da ke kan wayarka a nan ita ce sautin akwatinka.

In lasifikar tana da suna da lamba a bayan maganaɗisun, nemi alƙalumanta uku a intanet, Fs da Qts da Vas. Su ne ma'aunan da Neville Thiele ya fara bayyanawa a Ostareliya a 1961, Richard Small ya faɗaɗa su a farkon shekarun 1970. Ka zuba su a manhajar WinISD, kyauta ce, za ta nuna maka girman akwatin da ya dace da ita.

Dattijo daga Asawase:
Ɗana mai bas, na karanta, na kuma karanta na ɗalibin, Allah ya ƙara masa basira. Ni dai da nake yawon kiɗa tun ba a haife ku ba, da ni ne sai in toshe ramukan duka biyu in huta. Akwatin Ampeg mai lasifika 8 masu inci 10 da ya fito a 1969, wanda har gobe manyan makaɗa ke tsayawa a gabansa, a rufe yake ruf. Rufaffen akwati ba ya zurfi sosai, amma yana riƙe takarda, kuma sautinsa a ɗaure yake. Bas na hailaif tafiya yake yi, yana hawa yana sauka yana zance da ganga. In ya zama gurnani kawai, masu rawa ba su san inda za su sa ƙafa ba.

Amma abin da ya fi damuna a maganarka shi ne na zauren nan. Ka ce kana tsaye daf da akwatin ba ka jin kanka. Ai dole. Akwatin yana ƙasa, kunnenka yana sama. Sauti mai zurfi ko'ina yake bi, gaba da baya da gefe, amma sautin tsakiya, wanda da shi ake gane wannan A ce wannan D ce, gaba yake miƙewa kamar hasken tocila. Naka yana dukan ƙwaurinka ya wuce ya sami mutanen da ke zaune a gaba. Kai kana ƙara murya don ka ji, su kuma kana cika musu kunne. Ka ɗaga gaban akwatin da guntun katako ya kalli kanka, ko ka ɗora shi a kan kiret ɗin lemo, sannan ka matsa gaba taku biyu ko uku. Ka gwada wannan kafin ka kashe ko sidi ɗaya.

Ɗalibin injiniya a KNUST:
Gaskiya ne Baba, toshe su duka ya fi barinsu yadda suke nesa ba kusa ba. Abin da ya sa na ce a bar bututu ɗaya, yawancin wasanninsa a fili ne, inda babu bangon da zai taimake shi, kuma lasifika ɗaya gare shi. Ya iya gwada duka biyun: ya cusa tsumma a bututun ya ji, ya cire ya ji.

Mawaƙiya daga Asokore Mampong:
Ƙanena, bari in faɗa maka abin da 'yar'uwata mawaƙiyarku ta ji a ranar, don na sha shi. Dandamalin katako mai rami a ƙasa ganga ne babba. In aka ajiye akwatin bas a kansa, girgizar tana bin katako ta hau ƙafar makirufo, ta hau ƙafafunka har ƙirji. Kana buɗe baki ba ka jin muryarka, sai ka yi ta ƙoƙari har maƙogwaro ya dushe kafin a kai ga shigowar amarya. Ba ƙin bas ɗinka take yi ba. Mu mai bas ɗinmu yana yawo da katifar soso mai tauri da ya yanka daidai gindin akwatin, wani lokaci kuma ya sauke akwatin gaba ɗaya ya ajiye a siminti gefen dandamali. Tun daga nan muka daina faɗa.

Kafinta a Sokoban:
Masta, milimita 12 ba laifi ba ne in an tokare shi, amma na tabbata naka fayau yake. Sa wani ya kaɗa, kai kuma ka ɗora tafin hannu a bayan akwatin da gefensa. Duk inda ka ji yana kaɗuwa, ƙarfinka ne ke zubewa a nan. A sa sanda ɗaya daga gefe zuwa gefe, ɗaya daga gaba zuwa baya, da gam da sukuru, ban da ƙusa zalla. Sannan a bi duk mahaɗar ciki da gam, a manna soso ko audugar filo a bangon baya, kada dai ta toshe bakin bututun. In za ka yi sabo wata rana ka nemi filawud mai 15 ko 18. Kada wani ya lallaɓe ka da allon nan na garin katako da ake matsewa don ya fi araha. Damina ɗaya a bayan aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, zai kumbura, sukuru ya daina kamawa.

Mai kula da mikisa daga Tafo:
Abu biyu zan ƙara. Na farko tazarar bango. Sautin da ya koma baya ya daki bango yana dawowa ya haɗu da na gaba, kuma akwai sautin da yake kashewa. In daga fuskar lasifika zuwa bangon baya mita 1 ne, abin da ke mutuwa yana wajen haz 86, tsakiyar inda kake aiki ke nan. Don haka ko dai ka matsa da akwatin jikin bango sosai, ko ka nisanta shi fiye da mita 2 da rabi. Lungu kuma ka guje shi a cikin zaure, nan ne gurnani ke taruwa. A fili in akwai katangar gida kusa da inda aka kafa kanofi, ka roƙi a bar ku ku jingina da ita, kyauta za ta ƙara maka nauyi.

Na biyu, ka cire wa ranka cewa lasifika ɗaya za ta cika titi. A fili duk sanda tazara ta ninka, sauti na raguwa da desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Wanda ke mita 8 ya rasa 18 a kan wanda ke mita 1. Aikin manyan lasifikun masu sauti ne wannan. Ka duba bayan amfilifayarka, in akwai mafitar da ake kai waya zuwa mikisa ka ba mu ita, akwatinka ya zama naka na jin kanka kai da mai ganga. Maɓallin zurfi kuma ka mayar da shi tsakiya ko ƙasa kaɗan, ka ɗaga na tsakiya. A kunnenka kai kaɗai zai yi kamar ya rame, amma in ganga da piyano suka shigo a nan za ka ji ya fito.

Mai bas daga Aboabo:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan Isha na danna takardar kamar yadda Yaya na Alabar ya ce, babu ƙar-ƙar, alhamdu lillahi. Da safe na sayo bututun, muka toshe rami ɗaya. Na yi gwajin shinkafa a tsakar gida, yaran gidanmu sun kewaye ni suna kallo, ta lafa a 47. Na fitar da akwatin daga lungu na ɗaga gabansa da bulo rabi kamar yadda Baba ya ce, na tsaya nesa kaɗan, karon farko na ji yatsuna a kan tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Tokarar ce ta rage, gobe zan kai shi Sokoban.

Tambaya ɗaya ta saura. In Allah ya hore na tara kuɗin akwati na biyu, in ajiye shi a ɗaya gefen dandamali ne don sauti ya bazu?

Mai gyaran lasifika a Alabar:
A'a ƙanena, ɗora shi a kan na farkon. In ka raba su, akwai wuraren da za su riƙa kashe juna a cikin jama'a. A haɗe suna taimakon juna, na saman kuma ya zo kusa da kunnenka. Ka nemi irin lasifikarka sak, om 8, su biyun su ba ka om 4, a nan ne amfilifayarka za ta saki wat 300 ɗinta duka. Ranar da ka haɗa su ka taɓa batir mai bolt 9 a bakin wayar na ɗan lokaci kaɗan ka duba: takardun biyu su fito waje tare. In ɗaya ta fito ɗaya ta shige, juya wayoyin guda ɗaya. Ka biyo ta shago in za ka Sokoban, akwai ragowar soso a nan da zai ishe ka bangon baya.