Rauta ta ƙi karɓar fasawod, kuma daga nesa ba na iya shiga

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min, abin nan ya isheni. Na yi tafiya yau kwana tara kenan, kafin in bar gida na shiga sitin ɗin rautar gidanmu (na'urar da ke raba mana WiFi) na kunna wurin da ke ba da damar shiga daga nesa, na rubuta lambar IP ɗin, wato adireshin rautar, a takarda na sa a aljihu, da niyyar idan wani abu ya taso in gyara daga inda nake. To yanzu maiɗakina ta kira ni tace intanet ɗin ya yi nauyi sosai kuma data na ƙarewa da wuri, ina zargin wani ya samu fasawod ɗin WiFi ɗin. Na buga lambar nan a burauza ta yi ta juyawa har ta gaji, babu abin da ya buɗe. Sai nace ƙanina ya shiga daga gida ta 192.168.1.1, shafin ya buɗe masa amma duk sanda ya sa fasawod sai ya ce ba daidai ba, ya yi ta gwadawa har rautar ta kulle shi gaba ɗaya. Ni na tabbata ban canza komai ba. Ina matsalar take?

Maman_Iman:
Wa alaikumus salam Malam. Tambaya ɗaya, wane fasawod ka ba ƙanen naka? Domin guda biyu ne fa kuma mutane da yawa nan suke ruɗewa, akwai na WiFi wanda waya ke jona da shi, akwai kuma na admin wanda ake shiga shafin sitin da shi, kowanne daban. Idan na WiFi yake sawa ko ya kwana yana bugawa ba za ta buɗe ba. In ba ka taɓa canza na admin ɗin ba, ya juya rautar ya duba takardar da ke manne a ƙasanta, yawanci a nan ake rubuta shi.

Sannan ya lura da kibod ɗin waya, tana mayar da harafin farko babba da kanta, wani lokacin ma ta ƙara fili a ƙarshe, kai kuma ɗigo-ɗigo kawai kake gani. Ya danna alamar idon nan ya ga abin da ya rubuta. Kullewar kuma ba ta dindindin ba ce, ya ƙyale ta na ɗan lokaci za ta sake shi.

Dan_Kwamfuta:
Ku daina wahala, ya samu tsinke ya danna ramin risat na baya kamar daƙiƙa 10, komai ya koma sabo.

Injiniya_Bala:
A'a ɗan uwa, kar ya yi risat tukuna. Idan layinsa irin mai PPPoE ne, wato wanda rauta ke jona shi da suna da lambar sirri, risat zai goge suna da lambar sirrin da kamfanin intanet ya saka, gidan zai zauna babu netwok sam ga mai gidan ba ya nan. Wannan sai an rasa yadda za a yi.

Malam Abu Sadiq, maganar shiga daga nesa ita ce ta fi damuna. Na farko lambar da ka rubuta a takarda, idan da 192.168 ta fara to ta cikin gida ce kawai, a waje ba ta da amfani. In kuma ta waje ce, yawancin layukan gida lambarsu canzawa take yi, a ɗauke wuta rauta ta mutu ta tashi tana iya samun wata, shi ya sa ake amfani da DDNS irin su No-IP ko DuckDNS, su ba ka suna guda da ke bin lambar duk inda ta koma. Ka kuma tuna da lambar fot, wasu rautocin sai ka ƙara :8080 ko abin da ka zaɓa a ƙarshen adireshin.

Amma ni zargina tsarin da ake kira CGNAT ne. Wato lambobin IP irin na IPv4 sun yi ƙaranci, sai kamfanoni suke tara kwastomomi da yawa a bayan lamba ɗaya, kai kana iya fita ka yi birawzin lafiya amma wanda ya taho daga waje babu hanyar da zai iso rautarka. Da zarar ƙanenka ya shiga ya duba WAN IP, wato lambar da kamfanin intanet ya ba rautar, a shafin farko, idan ta faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ta fara da 10, to CGNAT ɗin ne, ko DDNS ba zai yi maka komai ba.

Kuma tsakani da Allah ban so ka bar wannan ƙofar a buɗe ba. Akwai kwamfutoci da aikinsu kenan dare da rana suna zagaya intanet suna gwada suna admin da fasawod admin a duk na'urar da ta amsa, haka wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama kyamarori da rautoci masu ɗimbin yawa a 2016, da fasawod ɗin da aka sayo su da shi.

Abu_Sadiq:
Allah ya saka muku da alheri. Hajiya Maman Iman gaskiyarki, na WiFi na tura masa, na admin ɗin yana cikin wani ɗan littafi a durowata, maiɗakina ce ta nemo shi. Ya shiga ya tarar da na'ura 14 a jone, mu kuwa namu duka ba su wuce 6 ba. Ya canza fasawod ɗin yanzu, ya kuma kashe shiga daga nesan. Injiniya WAN IP ɗin da 100.72 ta fara. Kenan babu yadda zan yi in riƙa dubawa idan na yi tafiya?

Injiniya_Bala:
Akwai mana. Ka fara duba ko kamfanin da ya ƙera rautar yana da manhajar waya mai asusu, irin wannan rautar ce da kanta ke fita ta jona da sabarsu, don haka CGNAT ba ya tare ta. In babu, ka sa Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta intanet kamar suna netwok ɗaya, a wata kwamfuta da za ta riƙa zama a kunne a gida da kuma wayarka, ka ba kwamfutar izinin isar da kai netwok ɗin gida, daga nan 192.168.1.1 zai buɗe maka kamar kana zaune a falo. Kana kuma iya tambayar masu layin ko suna ba da IP na kai kaɗai.

Kace wa ƙanen naka ya kashe WPS shi ma, wato hanyar jona WiFi ba tare da buga fasawod ba, ya tabbatar tsaron yana kan WPA2 ko WPA3, ya kuma sauke bakof na sitin ɗin ya ajiye.

Abu_Sadiq:
To madalla, na tura masa saƙonka yadda yake. Akwai tsohuwar laftof a gida da ba a amfani da ita, in na dawo ranar Lahadi in sha Allah zan gwada Tailscale ɗin a kanta, in na maƙale zan sake tambayarka.