A agaza: me za mu kira "calorie" da Hausa?

Hadiza: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan naɗi shirin lafiya a rediyo kan kitse da man girki, ga shi na maƙale. Jumlar ita ce: giram ɗaya na maiƙo yana da 9, na sitaci ko furotin kuma 4. To 9 ɗin me zan ce?

Sani: Kalori. An gama.

Dakta Bilkisu: Ni "awon kuzari" nake ce wa marasa lafiya, amma ba ya ƙirguwa. "Awon kuzari tara" ba daɗi a baki.

Malam Garba: Kullum aro, kullum aro! Tushen kalmar nan Latin ne, calor, wato zafi. Wadda ake rubutawa a jikin kwalin abinci, ita ce yawan zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Larabawa ma suna da tasu kalmar, suna cewa su'ura harariyya. Na daɗe da ƙirƙiro "ɗumau". Ɗumau tara, ɗumau huɗu. Ina aibinsa?

Sani: Allah ya gafarta Malam, kilo da digiri da ka ambata, a wace gona aka shuka su?

Malam Garba: Yaro, don an yi sakaci jiya ba hujja ba ce a yi yau. Ku ne kuke sa ana raina mana harshe.

Dakta Bilkisu: Malam, matsalar ɗumau ita ce mai sauraro zai ɗauka man da aka ɗora a wuta ya fi mai sanyi sa ƙiba. Alhali babban cokali na man zaitun kusan 120 ne, da zafinsa ko babu. Na man shanu kusan 100, don kashi 80 cikin ɗari ne kawai maiƙo, saura yawanci ruwa ne. Hadiza, ki riƙa cewa "maiƙo", shi ya haɗa kitse da mai.

Hadiza: Na gode Dakta. Akwai kuma inda aka ce man kwakwa ya fi saurin narkewa a ciki. Gaskiya ne?

Dakta Bilkisu: Da gaskiya a ciki, amma an zuzuta. Maiƙo ba ya haɗuwa da ruwa, sai ruwan matsarmama da hanta ke yi ya farfasa shi ƙanana a ƙaramin hanji, kamar yadda sabulu ke yi wa kwano mai maiƙo, sannan sinadarin lipes ya yanyanka shi. Mafi yawansa ba ya shiga jini kai tsaye, sai ya zagaya ta wasu magudanai. Wani ɓangare na man kwakwa ne ke wucewa hanta kai tsaye. Amma cokalinsa ma kusan 120 ɗin ne, kada kowa ya sha da sunan rage ƙiba.

Malam Garba: Lipes kuma! A ce "mayankin maiƙo".

Sani: Wannan kam na yarda, ya fi ɗumau nesa ba kusa ba.

Hadiza: Saura "saturated fat". Na rubuta "daskararren maiƙo".

Sani: Man kwakwa na cikinsa, kuma da zafi ya haura digiri 24 ya narke. Mai sauraro zai duba kwalbarsa ya ga ruwa, ya ce ba da shi ake ba.

Dakta Bilkisu: "Maiƙo mai daskarewa in an yi sanyi." Ya yi tsawo, amma ba ƙarya.

Malam Garba: Wannan bayani ne, ba suna ba.

Hadiza: Lokaci ya ƙure, jama'a. Zan ce "kalori, wato awon kuzarin abinci" a karon farko, daga nan kalori kawai. Mayankin maiƙo ya shiga. Na daskarewar zan lissafa misalai kurum.

Malam Garba: Shirinki ne, 'yata. Amma ni a ajina ɗumau zan ci gaba da koyarwa.