Muhawara: Da sauya fuskar Sumayya da kashe ta a Labarina, wanne ya fi?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanakin nan na koma kallon Labarina, shirin Hausar nan mai dogon zango, a YouTube tun daga zangon farko na 2020. Da na iso inda aka sauya Sumayya, sai abin ya sake tsaya min a rai kamar yau aka yi shi. Har gobe ina nan a kan bakana: tunda Nafisa Abdullahi, wadda ta fara fitowa a matsayin Sumayya, ta bar shirin, kamata ya yi darakta Malam Aminu Saira ya rufe babin Sumayya, ko da ta hanyar mutuwa ce. Ɗauko Fati Washa a ce mana ita ce Sumayya, nan aka karya wa labarin ƙashin baya.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, Sumayya fa ita ce ginshiƙin ɗakin. Mahmud, Presido, Lukman, kowannensu a kanta yake shawagi. Idan ta mutu, takarar me za su ci gaba da yi? Sai dai a naɗe tabarmar shirin gaba ɗaya.

Maman 'Yan Biyu: To a naɗe mana, Yaya. Labari ya ƙare da darajarsa ya fi a yi ta jan sa.

Auta: Anti, ki yi haƙuri zan ja da ke. Kin manta abin da ya faru da aka kashe Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ya fito a matsayinsa? Ni ban manta ba. Muna zaune a tsakar gida an tayar da janareta saboda shirin kawai, Hajiya Kaka tana kan darduma da carbinta. Da ta gane yaron ya rasu, sai ta ajiye carbin ta yi salati, ta ce "yaro mai ladabi haka?" Ranar ba ta iya ƙarasa tuwonta ba. Washegari na buɗe Facebook, mutane sai fushi suke, wasu na cewa sun daina kallo. An kashe wani mun yi kuka, an sauya wata mun yi ƙorafi. Wace hanya muka bar wa marubuci ya bi?

Maman 'Yan Biyu: Ai hujjata ke nan ka kawo, Auta. Kukan da Hajiya ta yi shi ne amfanin fim. Mutuwar Mahmud ta yi ciwo, amma ciwo ne na cikin labari, mai kallo yana nan a ciki bai fito ba. Sauya fuska kuwa fitar da kai yake yi waje, ya tuna maka cewa akwai kyamara da darakta da masu riƙe fitila. Ka tambayi Hajiyar ranar da sabuwar Sumayya ta bayyana. Ina gefenta ta ce min, "wannan baƙuwar fa, 'yar gidan wa ce?" Sau uku ina yi mata bayani. Daga ranar idan ana shirin sai ta ɗauki butarta ta shige ɗaki.

Kawu na Damagaram: 'Ya'yana, bari in sa baki. Mu nan ma a Arewa24 muke kallonsa, kuma gardamar nan mun yi ta a teburin mai shayi har ta gajiyar da mu. Abin da nake so ku lura, shiri mai dogon zango ba irin fim ɗin kaset ba ne da ake ɗauka a gama a sallami kowa. Zango-zango ake yin sa, shekaru na tafiya. A tsakani wata za ta yi aure, wani zai tafi karatu, wani kasuwancinsa zai ja shi, wani Allah zai karɓi abinsa. Daɗin Kowa tun 2015 ake nuna shi, ku lissafa fuskoki nawa suka shiga suka fita. Duk wanda ya ɗauki irin wannan aikin sai ya gamu da ranar da jarumi zai ce ba zai iya ci gaba ba. Indiyawa da suka riga mu daɗewa a harkar, su dabararsu sai a ce an yi hatsarin mota, an yi wa jarumi tiyatar fuska, ya farka da wata kamar. Ni dai na fi ganin mutuncin wanda ya ce min kai tsaye ga wadda za ta ci gaba da rawar.

Anti Tela: Ni abin da ya fi ci min rai daban ne. Shagona kullum cike yake da 'yan mata masu kawo ɗinki, kuma a lokacin babu irin labarin da ban ji ba kan dalilin fitar Nafisa. Wannan ta ce kuɗi ne, waccan ta ce faɗa aka yi, wata ta rantse ƙawar yayarta ce ta ji da kunnenta. Babu wadda take wurin. Su kuma masu buɗe tashoshi a YouTube sai su manna hoton mutum biyu, su rubuta "asiri ya tonu", ka danna ka tarar babu komai sai surutu. Hasashen abin da zai faru a shiri halal ne, ni ma ina yi, na daɗe ina rantsuwa Sumayya Mahmud za ta aura. Amma ƙaga wa mutum mai rai dalili, wannan gulma ce, kuma za a tambaye mu. Sannan Fati Washa me ta yi? Aiki aka ba ta. Zagin da na ga ana yi mata a ƙarƙashin bidiyo, wallahi da 'yata ce da na yi kuka.

Maman 'Yan Biyu: Wannan na yarda da ke ɗari bisa ɗari, Anti. Ban taɓa cewa Fati ba ta iya ba, ƙwararriya ce. Rigar ce aka ɗinka da awon wata. Nafisa tana da wani shiru da kallo da muka saba da su a matsayin Sumayya, kuma ba a gadon wannan.

Yaya Babba: Amma ki duba abin da ya biyo baya. Da aka ɗauko sabon labari da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, sunan shirin bai canja ba, mutanen ciki duk sababbi, kuma jama'a suka bi. Ke da kanki kika riƙa kirana daren Juma'a muna musun wa zai aura. Ashe labarin muke bi.

Maman 'Yan Biyu: A'a Yaya, wannan ni ya goya wa baya. Mun bi Mainasara ne domin ba a ce mana shi ne Mahmud ba. Sabon mutum, sabon suna, sabon gida, zuciya ta buɗe masa wuri. Da tun ranar da Nafisa ta tafi aka yi haka, da Hajiya Kaka ba ta tashi daga gaban talabijin ba.

Auta: To waɗanda suka shekara biyu suna jiran su ga ƙarshen Sumayya fa, Anti? A bar su a rataye?

Maman 'Yan Biyu: A ba su ƙarshe a fita ɗaya. Wasiƙa ce ta bari, tafiya ce, jana'iza ce, marubuci ya san yadda zai yi.

Kawu na Damagaram: Auta, gobe in ka je gaishe da Hajiya ka tambaye ta wanne ta fi so, ka ɗauko mana muryarta mu ji. Ni an kira isha'i, na tafi masallaci.