Kalmar swallow: wuraren da ake tuntuɓe wajen mayar da ita Hausa

Malamin Turanci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kowa ya kawo abin da yake gani a fagen aikinsa game da wannan kalma. Asalinta kalmomi biyu ne da rubutunsu ya zo ɗaya. Akwai aikatau, wato haɗiye, daga swelgan ta tsohon Turanci, akwai kuma sunan tsuntsu, tsattsewa, daga swealwe. A takardun jarrabawa kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita ta da swollen: yaro ya rubuta my leg is swallowed alhali kumburi yake nufi. Swollen daga swell ta fito.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam Malam. A wajenmu maganar ta wuce ta maki, ta lafiya ce. Bahaushe "sha" yake cewa ga kowane magani, na ruwa ko ƙwaya. To idan kwali ya ce swallow whole aka gaya wa majinyaci "ka sha", an zubar da rabin umarnin. Abin nufi a haɗiye ƙwayar yadda take da kofin ruwa, kada a tauna, kada a daka. Nifedipine na hawan jini, irin mai aiki a hankali, an yi shi ne ya ɗauki awanni yana sakin magani. Idan aka daka shi sai ya fita lokaci guda, jini ya sauka fiye da kima. Maganin ciwo diclofenac mai rufi kuwa, rufin ne ke hana shi narkewa sai ya kai hanji. Do not swallow a kwalbar maganin baki, a kuskure baki a tofar ke nan. Kuma a raba difficulty swallowing, wahalar haɗiya, da choking, wato ƙwarewa, abinci ya bi hanyar iska. Ta biyun ba ta jira.

Hajiya Mai Abinci:
A Turancin Najeriya swallow suna ne na duk abincin da ake gutsurar loma a dangwali miya a haɗiye: tuwo, sakwara, teba, amala, fufu. Tuwon shinkafa yana ciki, dafa-duka ba ta ciki. Baƙon da ya zo daga Ingila ba lalle ya gane ba, sai an yi masa bayani. A allon gidan abinci "tuwo da danginsa" ya wadatar.

Tafinta:
Gaskiyarki Hajiya. A salon magana ne ake buƙatar kunne. Swallow your anger ta zo daidai da tamu, haɗiye fushi. Swallow your pride kuwa "ajiye girman kai" za a ce. He swallowed the story na nufin an shirga masa ƙarya ya hau kai ya zauna. Hard to swallow sai an duba jimlar: wani lokaci "hankali ba zai ɗauka ba", wani lokaci "abu mai ɗaci da ya zama dole a jure".