Karena yana fizgar igiya idan ya ga awaki

Salam jama'a, dan Allah a taimaka min. Kullum da sassafe nake fita da karena kafin kwalta ta yi zafi, watansa 8, kuma tafiyar tana min amfani sosai har jikina ya saki. Amma da ya hango awaki ko ɗan acaɓa sai ya fizgi igiya yana haushi har yana shaƙe kansa yana tari, jiya ma sai da ya kayar da ni gwiwata ta kurje. Na rage tsawon igiyar, na canza hanya, na gwada riƙe masa guntun nama wallahi ko kallonsa baya yi. Duka kam bana so. Ya zan koya masa tafiya a gefena ba fizga?